Me ya sa vankomaisin mai tsada ba ya taɓa E. coli, amma ampisilin na iya shiga?

Wata ɗaliba mai koyon aikin lab ta aiko min da tambaya, tace: "Malam don Allah wani abu ya ɗaure min kai. A farantin gwajin magani na ga an sa diskin vankomaisin (ɗan zagayen takarda mai ɗauke da maganin) akan ƙwayar cutar E. coli, ƙwayar ta tsiro har jikin diskin ko gezau, alhali ance mana vankomaisin babban magani ne da ake ajiyewa sai cuta ta gagara. Haka ma eritromaisin da kuloksasilin. Wai ta saba dasu ne saboda shan magani barkatai da mutane keyi?"

Toh ƙanwata, a'a, wannan kam ba sabo bane. Shan magani barkatai yana da nasa laifin kuma babba ne, zan zo kansa, amma ko E. coli ɗin da ta rayu tun kafin a gano vankomaisin a 1953 kika samu, haka zata tsiro har jikin diskin nan. Haka Allah ya halicce ta. Abinda zai baki mamaki ma shine wurin da vankomaisin ke kamawa ya kashe ƙwaya yana nan a jikin E. coli sarai, irin wanda ke jikin Staphylococcus, maganin ne kawai baya isa wurin. Masu bincike sun samar da E. coli mai lalataccen tantanin waje, suna sa mata vankomaisin ta mutu. Kinga kenan maganar "magani mai ƙarfi" da muke yawan yi a asibiti da kemis tana ɓatar damu, tambayar da ya kamata a fara yi itace maganin yana shiga ne, in ya shiga yana daɗewa a ciki?

Ki tuna rinin Gram da kike yi kullum da safe. Hans Christian Gram ɗan ƙasar Denmak ne ya fito dashi a 1884. Kin zuba shuɗin rini, kin zuba aidin, kin wanke da sifirit, kin bi da jan rini, sai ki leƙa madubi ki ga wasu sun riƙe shunayya wasu sun koma ruwan hoda. Masu shunayyar, wato Gram fositif irin su Staphylococcus da Streptococcus, tantani ɗaya garesu sai wata raga mai kauri ta peptidogilaikan a waje, ragar nan duk kaurinta tana da manyan huji, magani na ratsa ta ba wahala. Masu ruwan hodar kuwa, Gram negatif, su E. coli, Klebsiella, Salmonella mai kawo taifot, Vibrio mai kwalara, Pseudomonas, Acinetobacter, ragarsu siririya ce amma sun lulluɓe ta da tantani na biyu daga waje. Kamar gidan gargajiya ne dai, katanga a waje, sai zaure, sannan cikin gida. Zauren nan da ke tsakanin tantani biyun shi ake kira perifilazim, ki riƙe shi da kyau don nan ne ake kokawar gaske.

Tantanin wajen nan ba irin tantanin da kika sani bane. Na jikinmu da na cikin ƙwayar duk fosfolifid ne ciki da waje, wani nau'in kitse mai laushi, duk abinda ke da maiƙo yana narkewa a ciki ya wuce. Shi kuwa wannan fuskarsa ta ciki ce kawai fosfolifid, ta waje an shimfiɗa ta da wani haɗin kitse da sukari da ake ce ma LPS. Gindin LPS, wanda ake kira lifid A, a E. coli jelar kitse 6 gareshi, fosfolifid kuwa 2 kacal, kuma jelolin duk miƙaƙƙu ne basu da lanƙwasa don haka suna matsuwa da juna sosai. A samansa akwai sarƙar sukari mai ɗauke da fosfet, cajinsu negatif, wanda da an barsu haka da sun ture juna, to amma maganiziyam da kalsiyam masu caji fositif biyu-biyu suna shiga tsakani su ɗinke wannan LPS da na kusa dashi. Sakamakon haka abu mai maiƙo da zai ratsa tantani na yau da kullum cikin sauƙi, a nan saurinsa na raguwa kamar sau 50 zuwa 100. Shiyasa eritromaisin, rifamfisin, nobobayosin, kuloksasilin da ire-irensu suke shan wahala. Af, kuma lifid A ɗin nan shine dafin da ke tayar da garkuwar jiki har jini ya sauka mutum ya shiga halin sefsis, wato cuta ta birkita jiki gaba ɗaya, abu ɗaya ne yake kare ƙwayar yake kuma kwantar da mara lafiya.

Me ya sa ma ta yi wannan shiri haka? Ba don magungunanmu ba. E. coli a hanji take zaune, hanji kuwa cike yake da ruwan maɗaciya wanda aikinsa narkar da kitse ne kamar sabulu. Ƙwayar da bata da kariya narkewa zata yi. Kuma kina ganin wannan da idonki kullum ba tare da kin lura ba: farantin MacConkey. An zuba masa gishirin maɗaciya da ɗan shuɗin rini da gangan, ki shafa fitsarin da ke ɗauke da E. coli da Staphylococcus a kai, gobe ki buɗe inkubeta ki ga ɗigo-ɗigo jajaye na E. coli sun fito tas, ɗayar kuwa babu labarinta. Tantanin waje kike gwadawa kenan a farantin nan.

Amma ƙwaya dole ta ci abinci, ba zata rufe kanta ruf ba. Don haka akwai ƙofofi, sunansu porin. Wani masani ɗan Japan, Taiji Nakae, shi ya ware su a 1976, shi da Hiroshi Nikaido na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sune suka yi yawancin aikin farko a kansu. Porin furotin ne mai siffar bututu, cike da ruwa, uku-uku suke haɗuwa, ƙwaya ɗaya na iya ɗaukar kusan 100,000. A E. coli manyan sune OmpF da OmpC, a Klebsiella kuma OmpK35 da OmpK36. A tsakiyar bututun akwai wurin da ya tsuke, faɗinsa bai wuce nanomita ɗaya ba (kashi ɗaya cikin miliyan na milimita), kuma abinda nauyinsa ya haura dalton 600 ko kusa da haka baya wucewa, dalton shine ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari. Yanzu ki duba lissafin: ampisilin 349, sipro 331, imifenem 299, meropenem 383, seftirayakzon wajen 555. Eritromaisin 734, rifamfisin 823. Vankomaisin kusan 1,450. Ya fi ƙarfin ƙofar nesa ba kusa ba, kuma shi mai son ruwa ne ba zai narke ya bi ta cikin LPS ba. Hanya biyu ce, duka a rufe suke gareshi. Amsar tambayarki kenan a taƙaice.

Sai dai girma ba shine komai ba, kuma nan ne abin yake da daɗi. Penisilin G nauyinsa 334, ya fi ampisilin ƙanƙanta ma, amma baya taɓuka abin kirki akan E. coli, ampisilin kuwa da ya fito a 1961 yana yi, a wancan lokacin dai kafin ƙwayoyin su cika da inzayim, wato furotin mai farfasa maganin. Bambancinsu rukunin amino guda ɗaya tak da aka liƙa. A wurin da bututun ya tsuke, ɓangare ɗaya na bangon caji negatif ne ɗaya ɓangaren fositif, saboda haka maganin da ke da fositif a gefe negatif a gefe yana daidaita kansa ya sulale, wanda kuwa negatif ne kawai ko mai maiƙo ne sai ya riƙa jan ƙafa. Kuloksasilin ga maiƙo ga ƙaton reshe ga caji negatif, ta ina zai bi? Don haka Ampiclox, haɗin ampisilin da kuloksasilin, da ake saye a kemis don ciwon mara ko zafin fitsari, rabin kafso ɗin bashi da wani aiki akan E. coli tun asali, ɗaya rabin kuma yawancin E. coli na yanzu sun san yadda suke farfasa shi. Wannan abu yana min ciwo gaskiya, don talaka ne yake cire kuɗin cefane ya saya. A 2017 ƙungiyar Paul Hergenrother a jami'ar Illinois sun auna sinadarai sama da 180 don ganin waɗanne ne ke taruwa cikin E. coli, suka samu waɗanda ke shiga sune masu rukunin amino mai caji, masu siffa a baje ba dunƙulalliya ba, kuma marasa yawan lanƙwashewa. Har suka ɗauki wani sinadari da Gram fositif kawai yake kashewa suka liƙa masa amino, ya koma yana kashe Gram negatif.

Akwai wata matsala kuma da ke hana masu haɗa magani barci. Su penisilin da danginsu sun yi sa'a, abinda suke nema yana cikin perifilazim, tantani ɗaya kawai zasu tsallaka. Amma sipro, tetirasaikilin, jentamaisin, su sai sun kai can ciki inda DNA da ribosom (injin ƙera furotin) suke, wato tantani biyu. Na waje yana son ƙaramin abu mai son ruwa mai caji, na ciki kuma yana son mai maiƙo mara caji. Abinda ya dace da wannan bai dace da wancan ba. Sipro yana tsira ne saboda yana iya sauya yanayin cajinsa, jentamaisin kuwa sai ƙwayar ta ja shi ciki da ƙarfin numfashinta, shi yasa baya aiki akan ƙwayoyin da basa amfani da iskar oksijin, kuma yake rauni a cikin ƙurji mai mugunya inda wurin ke da tsami babu iska. Wannan na cikin dalilan da suka sa tun bayan dangin kwinolon da suka fara da nalidiksik asid a 1962, aka shafe fiye da shekara 50 ba a kawo wa asibiti wani sabon dangin magani mai faɗi na Gram negatif ba, sai dai gyaran tsofaffi.

Toh a ce magani ya samu ya shiga. Bai tsira ba. Na farko akwai famfon fitarwa, a E. coli sunansa AcrAB-TolC, a Pseudomonas MexAB-OprM. Furotin uku ne suka haɗu suka yi bututu tun daga tantanin ciki har waje, ya kama magani a perifilazim ya watso shi can waje gaba ɗaya, sai maganin ya sake bin layi ta wannan ƙaramar ƙofar. In aka cire wa E. coli famfon nan a lab, eritromaisin da a da bata ji sai ya koma yana kashe ta. Na biyu akwai inzayim mai suna beta-laktames mai yanka zoben penisilin da dangoginsa. Staphylococcus ma tana yinsa, amma ita watsa nata take yi a waje ya tsarwatse. Gram negatif kuwa tara nata take a ɗan matsattsen perifilazim ɗin nan, magani na shigowa ɗai-ɗai ana saran sa ɗai-ɗai. Abin tsere ne tsakanin saurin shiga da saurin fitarwa da saurin farfasawa. Tantanin waje shi kaɗai baya hana yawancin ƙananan magunguna shiga, rage musu gudu kawai yake, amma ragin nan ya isa ya ba famfo da inzayim damar cin galaba. Ni a ganina wanda ya fahimci wannan tseren ya fahimci rabin darasin bijirewar Gram negatif.

A nan ne shan magani barkatai da kika ambata yake shigowa. Ƙwayar na iya rage yawan ƙofofinta, ko ta daina yin mai faɗin ta bar matsattsiyar. Dama can ta iya wannan, E. coli in tana cikin ruwan rafi inda abinci yayi ƙaranci OmpF mai ɗan faɗi take yawaitawa, in ta shiga hanji mai ɗumi da gishiri da maɗaciya sai ta koma OmpC. Idan aka yi ta mata ruwan magani rabi-rabi, waɗanda suka rasa ƙofar gaba ɗaya sune ke rayuwa su hayayyafa. Klebsiella mai ɗauke da ESBL, wani beta-laktames mai yanka magunguna da yawa, in ta rasa OmpK35 da OmpK36 tana iya bijire wa ertapenem, ɗaya daga dangin karbapenem irin su meropenem, alhali bata da inzayim ɗin da ke yanka karbapenem ko ɗaya, sai ki yi gwajin inzayim ya fito babu, ki rasa gane kan abin.

Pseudomonas ita ce uwa uba. Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin masu ƙuna ya san ta, a kwance bandeji a ga ya rine kore-kore mai shuɗi-shuɗi da wani irin wari mai zaƙi-zaƙi, kafin ma a kai samfur lab an gane ko wacece. Ita bata da manyan ƙofofi na kowa-da-kowa irin na E. coli, yawancin nata ƙanana ne kowacce da abincin da aka yi ta dominsa, don haka shigar abu cikinta ya gaza na E. coli sau 10 zuwa 100. Imifenem yana shiga ne ta wata ƙofa guda mai suna OprD wadda asalinta ta wasu amino asid ce, ya yi kama dasu sai ya bi. Ƙwayar ta daina yin OprD, shikenan an gama, kuma wannan na faruwa ana tsaka da yi wa mara lafiya allurar, sakamakon farko yace S, wato tana jin maganin, na mako mai zuwa yace R, wato ta bijire. Ba magungunan sha kawai ba, har na wanke ciwo. Setirimaid da ke kashe ƙwayoyi da yawa, a lab shi muke zubawa a faranti don Pseudomonas ta tsiro ita kaɗai. Saboda haka ruwan wanke ciwo da aka sirka da ruwan famfo aka bari a buɗaɗɗiyar kwalba kwana da kwanaki yana iya zama matattararta, don Allah duk inda kika ga ana haka ki yi magana.

Kada kuma ki ɗauka duk Gram negatif haka suke. Neisseria mai kawo sanƙarau, wadda muka sani sosai a yankinmu lokacin zafi, LPS ɗinta gajere ne kuma ƙofofinta na karɓar abu mai caji negatif, shi yasa penisilin G ya yi shekaru yana maganinta. Azitromaisin kuma, duk da ɗan'uwan eritromaisin ne har ya ɗan fi shi nauyi, an ƙara masa caji fositif na biyu, wannan ya taimaka masa yake aiki a taifot da kwalara. Ƙwayar tarin TB ita nata daban ne, wani abu mai kauri kamar kakin zuma ta shafe jikinta dashi, dalilin da yasa rinin Gram baya kama ta sai an ɗumama silaid a rinin ZN, rinin da ake gano ta dashi. Kuma a benci, in kika ga vankomaisin ya buɗe fili mai faɗi akan abinda kike zaton E. coli ce, ki koma ki sake rinin Gram, wataƙila kin wanke da sifirit ya yi yawa ne. Sannan magungunan da ƙwaya bata ji tun halitta bai kamata ma a sa diskinsu ko a rubuta su a sakamako ba, ɓarnar diski ce kuma yana ruɗa likita.

Akwai masu fasa katangar maimakon neman ƙofa. Kin tuna maganiziyam ɗin da ke ɗinke LPS? Kolistin yana ɗauke da caji fositif har 5, sai ya ture maganiziyam ya zauna a wurinsa, shi kuma ƙato ne ga jelar kitse, sai tantanin ya tsage ya shige. Jentamaisin ma da irin wannan dabarar yake tsallake tantanin waje. EDTA, sinadarin hana jini daskarewa da ke cikin kwalbar jini mai murfi shunayya, shima cafke maganiziyam yake, Loretta Leive ta nuna tun 1965 cewa in an sa wa E. coli shi, magungunan da basa shiga sai su shiga. An gano kolistin a Japan wajen 1950, aka jingine shi a shekarun 1970 saboda yana taɓa ƙoda, da aka rasa mafita aka dawo dashi ya zama na ƙarshe da ake ɗaukowa. Ƙwayar kuma ta samo amsa, ta liƙa wa lifid A wani abu mai caji fositif ta rage negatif ɗinta, kolistin ya zo ya rasa inda zai manne. Proteus da Serratia dama haka aka halicce su. Abinda ya tayar da hankalin duniya shine a Nuwamba 2015 da aka ba da rahoton mcr-1, ƙwayar gadon da ke ba ƙwaya wannan dabarar, a aladu a Sin, don shi yana kan filasmid ne, wani ɗan zoben DNA da ƙwaya ke miƙa wa ƙwaya. Sin ta hana zuba kolistin a abincin dabbobi don ƙiba a 2017. Mu kuwa har yanzu ana samunsa a cikin garin maganin da ake kaɗa wa kaji a ruwan sha, kuma an riga an samu mcr-1 a kaji a Najeriya. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne bijirewar ƙwayoyin cuta ta kashe kai tsaye a 2019, kuma in aka auna da yawan jama'a yammacin Afirka ne ya fi kowa. Jerin da Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta fitar a 2017 na ƙwayoyin da suka fi gaggawa, uku na sama duk Gram negatif ne.

Sababbin dabaru biyu ne suka fi burge ni. Ta farko sefiderokol na kamfanin Shionogi, wanda Amurka ta amince dashi a 2019. Ƙwaya na matuƙar buƙatar sinadarin ƙarfe kuma jikinmu ɓoye shi yake, don haka tana da wasu hanyoyi na musamman da take janyo shi da ƙarfinta. Sai aka liƙa wa maganin wani reshe mai kama ƙarfe, ƙwayar ta ɗauka abinci ne ta ja shi ciki da kanta, ko ta rufe porin ɗinta yana shiga. Tsadarsa dai ta sa yawancin asibitocinmu ko ganinsa basu yi ba. Ta biyu ita ce a hana ta gina tantanin tun farko. LPS a ciki ake ƙera shi, sai wata gada ta furotin 7 mai suna Lpt ta ɗauko shi ta kai waje. A Janairu 2024 masu bincike na Roche da jami'ar Harvard suka bayyana zosurabalpin, wanda ke maƙale LPS a bakin gadar, ya taru a ciki har ƙwayar ta mutu. An taɓa gwada wani mai suna murepavadin da ke kama ƙarshen gadar a Pseudomonas, aka dakatar da gwajin allurarsa a 2019 saboda matsalar ƙoda. Shi zosurabalpin ana kan gwada shi a jikin mutane, kuma Acinetobacter kaɗai yake kamawa, E. coli da Klebsiella da suka fi cika mana faranti basa cikin lissafinsa.